Yadda Ake Duba Yashin Bakin Dam da Rafi Don Gane Ko Yana Ɗauke da Ƙwayoyin Cuta

A Katsina ba mu da teku, amma gaɓa muna da ita. Ka je bakin dam da yammacin wata ranar bazara, Ajiwa ne ko Sabke ko Daberam, ko ka sauka gindin wani rafi bayan damina ta ja jiki. Yara sun tuɓe takalma, wasu na tona rijiya a jiƙaƙƙen yashi, wasu sun binne ƙafafunsu har gwiwa. Mata na wanki a gefe, samari na wanke babur, can ƙasa kaɗan garken shanu ya sauko shan ruwa. In aka tashi maganar tsafta a irin wannan wuri, ruwan kowa ke kallo. Yashin da yaro ke damƙa da hannu, sannan ya kai ƙosai baki da hannun nan, ba mai tambayar lafiyarsa.

Alhali sau da yawa yashin ya fi ruwan ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ruwa yana gudu, yana sirkuwa, rana tana ratsa samansa tana kashe abin da ke ciki. Yashi kuwa rariya ce. Duk abin da ruwan sama ya kwaso daga juji, kwata, masai da makiyaya, a cikinsa yake maƙalewa. Ƙasa da tsawon ɗan yatsa ɗaya rana ba ta isa, ga danshi, ga ɗumi, ga ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin za su ci. Haka suke zama makonni, wasu ma su hayayyafa. Da an yi ruwa mai ƙarfi, ko yara sun burkuta gaɓar da ƙafa, sai su koma cikin ruwan da aka gwada jiya aka ce lafiyarsa lau.

Wannan ba zato ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, wanda ya bi diddigin mutane sama da 27,000 da suka ziyarci gaɓoɓi bakwai, ya gano cewa masu tona yashi sun fi waɗanda ba su tona ba kamuwa da gudawa da kimanin kashi 20 cikin 100, waɗanda aka binne jikinsu cikin yashi kuma da kimanin kashi 24. A ƙasar da ke da masai a kusan kowane gida ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓo batun yashi tun a jagoranta na 2003 kan ruwan wanka da wasa, sannan a bugun 2021 ta ba da shawarar a riƙa sa ido a kansa, har ta sanya masa ma'auni.

Abin da ake tsoro a cikin yashin

Kaso na farko su ne masu shiga ta baki: bakteriya irin su Salmonella, Shigella mai kawo atuni, Campylobacter, da wasu miyagun nau'o'in E. coli da ake samu a kashin shanu. Sai bairos masu kawo amai da gudawa da shawara. Sai Giardia da Cryptosporidium, wanda 'yan maruƙa ke zubarwa da yawa. Da su akwai ƙwan macijin ciki. Macen wannan tsutsa tana iya saka ƙwai kusan 200,000 a rana, kuma ƙwan yana da ɓawo mai kauri da ke ba shi damar daɗewa a ƙasa mai danshi har shekaru.

Kaso na biyu ta fata suke shiga, kuma su suka fi dacewa da yanayinmu, domin yashi mai ɗumi da danshi a ƙarƙashin inuwa shi ne gidansu. Ƙwan tsutsar ciki mai shan jini yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 1 zuwa 2 bayan an yi bahaya a ƙasa, cikin kwana 5 zuwa 10 ɗan tsutsar ya isa huda fatar ƙafa, kuma yana iya jira sati 3 zuwa 4. In ya shiga, a hanji yake ƙarewa, yana shan jini a hankali har yaro ya ɗashe, ya rame, ya kasa karatu, iyaye suna ta neman dalili. Akwai kuma 'yar'uwarta ta kare da kyanwa. Ita ba ta iya wuce fatar mutum, sai ta yi ta yawo a ƙarƙashinta. Za ka ga wani jan layi siriri ya yi lanƙwasa kamar an zana da biro a tafin ƙafa ko a ɗuwawun yaro, yana ƙaiƙayi mai hana barci, gobe ka duba ka ga layin ya ƙara gaba. Sai funfuna mai kawo makero da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, da bakteriya masu sa ƙaramin rauni ya yi mugunya, da ƙwayar tetanus mai sarƙe haƙora in fasasshiyar kwalba ko tsohon ƙarfe ya soki mutum.

A kula da wani bambanci. Tsargiya ba daga yashi take ba. Daga ruwan take, ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin dam. Gwajin yashi ba zai nuna ta ba, kuma yashi mai tsafta ba hujjar shiga ruwa ba ne. Amma tun da mai duba yashi a bakin ruwan yake, ya kamata ya rubuta in ya ga dodon koɗi, ya kuma tambayi malaman makaranta ko akwai yara masu fitsarin jini.

Mataki na farko: duba da ido

Aikin duba-gari yana gaba da aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma wanda ya tsallake shi zai dawo da lambobin da bai san ma'anarsu ba. A fara da sanar da mai gari ko mai unguwa, da hukumar da ke kula da dam ɗin, a kuma tambayi halin tsaro kafin a kama hanya, musamman wajejen Zobe da Jibiya. Kada mutum ya tafi shi kaɗai.

A je da sassafe, kafin rana da ƙafar jama'a su ɓatar da shaida. A ɗauki takarda a zana taswirar wurin da hannu: inda yara ke wasa, inda ake wanki, mashayar dabbobi, inda kwata ko kwari ke shigowa, juji, masai mafi kusa da nisansa da ruwa. Sannan a yi tafiya a hankali taku 100 a bakin ruwa, ana duban taku biyu dama da hagu, ana ƙirga tulin kashin mutum daban, na shanu da awaki daban, na kare daban. A sake yin haka a bayan duhuwa ko gindin itatuwa, domin can mutane ke zagayawa. A lura da gangaren ƙasa: in aka yi ruwa, ina ruwan wannan duhuwar zai bi? Sau da yawa amsar ita ce daidai wurin da yara suka fi so, saboda nan ne yashi ya fi laushi.

A tona jiƙaƙƙen yashi da cebur kamar zurfin tafin hannu a wurare uku ko huɗu. In sama fari ne amma ƙasa ya yi baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to akwai ruɓaɓɓun abubuwa da yawa da rashin iska a wurin. Wannan shi kaɗai ba ya nufin akwai kashi, amma wuri ne da ƙwayoyi ke daɗewa, kuma ya cancanci a ɗebi samfur a nan. A ƙarshe a tambayi masu wanki da masunta: yaushe aka yi ruwan ƙarshe, ƙarfe nawa shanu ke saukowa, garke nawa. Sun fi kowa sani.

Mataki na biyu: ɗibar samfur

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: sabbin ledoji masu zif ko kwalabe masu faɗin baki da aka turara, cokulan ƙarfe, safar hannu, sifirit mai ƙarfin kashi 70, ashana ko laita, kula (mazubin riƙe sanyi) mai ƙanƙara a ciki, maka mai rubutun da ruwa ba ya gogewa, ma'aunin zafi, da littafin rubutu. Cokulan a naɗe kowanne a takardar alminiyam a turara su a zafin digiri 121 na minti 15. In babu na'urar turarawa, tukunyar firesha tana yin aikin. A wurin aiki kuma, in cokula suka ƙare, a goge cokali tas, a tsoma a sifirit, a kunna masa wuta, a jira ya huce kafin a sa a yashi. Cokali mai zafi yana kashe abin da ake nema.

A kowane wuri a raba gaɓar gida uku. Akwai busasshen yashi na sama inda ake zama a ci abinci. Akwai jiƙaƙƙen yashi daidai inda ruwa ke taɓawa yana komawa, wanda galibi ya fi kowanne ƙwayoyi kuma nan yara ke tono. Sai yashin da ke ƙarƙashin ruwa daidai idon sawu. Kada a haɗa ukun a leda ɗaya, domin kowanne labarinsa daban.

Yashi ba kamar ruwa ba ne da ke gauraya da kansa. Cokali ɗaya zai iya faɗawa inda akuya ta yi kashi jiya, na gefensa da taku ɗaya ya fito fes. Shi ya sa a kowane gida ake ɗibar cokali biyar daga wurare biyar, tsakaninsu kamar taku biyu, daga sama zuwa zurfin santimita 10, a zuba a leda guda, a rufe, a murza ta waje har ya gauraya. Giram 200 ya wadatar ga gwajin bakteriya. In za a nemi ƙwan tsutsa, a ɗebi wata leda daban mai rabin kilo, daga saman santimita 5, a inuwa. Kada a ɗebo kashin kansa a ce samfur ne. Kowa ya san abin da ke cikinsa. Abin da ake son sani shi ne halin yashin da ido ke gani kamar mai tsafta.

A ɗebi ruwa ma a rana ɗaya, mililita 250, a inda ya kai gwiwa, a juya bakin kwalbar ƙasa a nutsa da ita kafin a buɗe mata hanya. A fara ɗibar ruwan kafin yashin ƙarƙashin ruwa, kuma a tsaya ta yadda laka da ƙafa ta tayar ba za ta shiga kwalbar ba.

Kowace leda a rubuta mata wuri, gida, kwanan wata da lokaci tun kafin a zuba yashin, domin jiƙaƙƙiyar leda ba ta karɓar rubutu. A sa a cikin kular nan take. Ƙanƙarar ta kasance a naɗe cikin ledarta, a kuma sa kwali tsakaninta da samfur: sanyi ake so ƙasa da digiri 10, ba daskarewa ba, kuma narkakkiyar ƙanƙara in ta shiga leda an yi asarar tafiya. A kai ɗakin gwaji cikin awa 6, in ya matsa ƙwarai kada ya kwana fiye da awa 24. Samfurin da ya wuni a but ɗin mota a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙwayoyin cikinsa ko sun ninka ko sun mutu, kuma ba yadda za a san wanne ya faru. A yi magana da ɗakin gwaji tun kafin ranar, ya zama sun haɗa kayansu suna jira. Sassan nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da ta tarayya da ke Dutsin-Ma su ne irin wuraren da za a fara tuntuɓa.

Mataki na uku: gwajin bakteriya

Ba a neman kowace cuta ɗaya bayan ɗaya, kuɗin ba zai isa ba. Ana neman 'yan saƙo ne, wato bakteriyar da ke zaune a hanjin mutum da dabba, wadda ganinta ke nuna kashi ya taɓa wurin. Biyu ne: E. coli da enterokokai. Enterokokai ta fi jure bushewa da zafi, don haka ta fi dacewa da yashi.

Da farko sai an kakkaɓo ƙwayoyin daga jikin yashin. A auna giram 10 a sikeli, a zuba a turararriyar kwalba mai ɗaukar mililita 250, a ƙara mililita 100 na turararren ruwan gishiri na ɗakin gwaji, a rufe, a girgiza da hannu da ƙarfi na minti 2 cif, da agogo. A ajiye daƙiƙa 30 yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a wata kwalbar. Nan ake yawan kuskure. Wanda ya girgiza rabin minti ya gaji zai samu lamba ƙarama, ya yi murna a banza. Wanda ya bar kwalbar ta zauna minti goma kuma, ƙwayoyin sun bi laka sun kwanta.

Daga ruwan da aka tsiyaye, a tace mililita 10 ta takardar tacewa mai ramuka 0.45 na maikiron, a tace mililita 1 ta wata takardar, bayan an ƙara masa ɗan turararren ruwa a mazurarin don ya bazu. In wurin mashayar shanu ne, a sirka ninki goma a tace wannan ma. A ɗauki takardar da hantsakin da aka ƙona, a shimfiɗa ta a kan farantin abincin ƙwayoyi ba tare da kumfar iska ta maƙale a ƙasa ba, domin inda kumfa take ba abin da zai tsiro. Ga enterokokai ana amfani da farantin Slanetz da Bartley a digiri 36 na kimanin awa 44. Ɗigogin suna fitowa ja ko ruwan hoda mai duhu, kamar an yayyafa garin barkono a kan farar takarda. Sai a mai da takardar kan faranti na biyu mai sinadarin eskulin a digiri 44 na awa 2, waɗanda gindinsu ya yi baƙi su ake ƙirgawa. Inda ake da Enterolert da Colilert, wato garin gwaji da ake saya a haɗe, na farko don enterokokai, na biyu don E. coli, aikin ya fi sauƙi: a zuba mililita 10 na ruwan yashin cikin 90 na turararren ruwa, a sa garin, a rufe a tire, awa 24 a digiri 41 ga na farko, 35 ga na biyu.

Lissafin ba wuya. Giram 10 cikin mililita 100 yana nufin kowane mililita 10 wakilin giram 1 ne. In takardar mililita 10 ta ba da ɗigo 45, to 45 ke nan a giram. In ta cika ta haɗe ba ta ƙirguwa, a koma ta mililita 1: ɗigo 22 a nan 220 ne a giram. An fi amincewa da takardar da ɗigoginta ke tsakanin 20 da 60. A takardar sakamako za a ga an rubuta CFU, ɗigon nan ake nufi. Don a iya kwatanta jiƙaƙƙen yashi da busasshe, a auna wani giram 10 a busar a digiri 105 na awa 24. In ya dawo 8.5, a raba 45 da 0.85, ya zama kusan 53 a giram na busasshen yashi. A rubuta lambobin biyu, a kuma fayyace wace ce wace.

Abubuwa uku ke ɓata wannan aiki a wajenmu. Na farko wuta: in aka ɗauke ta tsakar dare inkubeta, wato na'urar da ke riƙe wa farantan ɗumi, ta huce, wasu ƙwayoyin da ba su ake nema ba su tsiro, waɗanda ake nema su tsaya. A ajiye ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa a ciki, in zafin ya kauce a soke sakamakon, komai zafin asarar. Na biyu laka: yashin dam yana da yumɓu, yana toshe takardar ko ya lulluɓe ɗigogin, maganinsa a rage yawan abin da ake tacewa a raba shi takardu biyu. Na uku rashin farantin shaida. Kowace rana a tace turararren ruwan shi kaɗai a sa a faranti. In wani abu ya tsiro a kansa, dattin daga ɗakin gwaji yake, ba daga gaɓa ba.

'Yar kwalbar nan mai arha da ke yin baƙi in ruwan sha ya gurɓata, kada a dogara da ita a nan. Yashin bakin ruwa cike yake da bakteriyar ƙasa masu fitar da irin wannan warin ƙwai, za ta yi baƙi ko da babu kashi.

Ƙwan tsutsa da 'ya'yanta

Wannan gwajin madubin likita kawai yake buƙata da haƙuri, kuma a ra'ayinmu ya fi gwajin funfuna amfani ga mutanenmu in kuɗi bai isa duka ba. A wanke giram 50 na yashi da ruwa mai ɗigon sabulun ruwa, a tace da rariya mai laushi, a bar ruwan ya kwana. Da safe a zubar da na sama a hankali, a gauraya lakar da ruwan gishiri mai kauri, wato wanda aka zuba wa gishiri, kusan giram 360 a lita, har ya daina narkewa. A cika siririyar kwalba har ruwan ya yi tozo a baki, a ɗora siririn gilashi, a jira minti 15 zuwa 20, a ɗaga shi a miƙe a duba. Ƙwan macijin ciki ruwan ƙasa ne mai gurzajjen ɓawo, na mai shan jini kuma fari ne garai mai siririn ɓawo. A duba nan take, domin gishiri yana bushewa ya yi ƙanƙara, ƙwan kuma ya motse.

'Ya'yan tsutsa kuma, a ƙulle yashi a ƙyalle, a ɗora a mazurari mai roba da aka matse a ƙasa, a zuba ruwa mai ɗumin digiri 40 ya taɓa ƙullin, a bari ya kwana. Za su fito su nutse ƙasa. Sai dai ƙasa tana da nata tsutsotsin da ba sa cutar da kowa, kuma sun yi kama ƙwarai, don haka ƙwararre ne zai yanke hukunci. Hanyoyin nan biyu suna kama kaɗan ne daga abin da ke ciki. In an gani, akwai. In ba a gani ba, a sake ɗiba.

Fassara sakamako

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2021 shi ne enterokokai 60 a giram ɗaya na yashi, na ruwan wanka kuma 200 a mililita 100. Na yashin ma'auni ne na wucin gadi, an samo shi ne daga na ruwa da kiyasin yawan yashin da ke shiga bakin mutum. Ba katanga ba ne da 59 ke nufin lafiya, 61 ke nufin annoba. Ƙararrawa ce.

A ƙasashe masu zafi, 'yan saƙon nan suna iya hayayyafa cikin danshin yashi ko da ba sabon kashi. Nan taswirar duba-gari ke amfani. Lamba mai yawa a gindin kwarin da ya biyo ta bayan gari, ga tulin kashin mutum goma sha a taku 100, ba ta buƙatar dogon nazari: a janye yara daga wurin yau. Lamba mai yawa a wurin da ba a ga komai ba kuwa, a sake ɗiba cikin kwana biyu ko uku, a haura sama da ƙafa a nemi tushen. Kashin mutum ya fi na dabba haɗari, domin cututtukan mutum yake ɗauke da su kai tsaye, amma na shanu ma ba abin rainawa ba ne.

Gwaji ɗaya hoton rana ɗaya ne. Tsarin da ya dace shi ne sau ɗaya a wata da rani, duk sati biyu daga Yuni zuwa Satumba, ƙari cikin kwana biyu bayan ruwan farko na shekara, wanda ke wanko dattin wata bakwai ko takwas, da kuma sati guda kafin sallah inda jama'a ke taruwa. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya na safiya, hanya ɗaya. A kafa turke ko a ɗauki lambar wurin a waya, amma a tuna bakin ruwan dam yana ja da baya da rani, don haka jiƙaƙƙen gida yana bin ruwan ne, ba turken ba. Bayan shekara, littafin da kansa zai nuna wane wata da wane lungu ne matsala.

Gyara

Tushen ake toshewa. A zauna da mai gari da ardo a ware mashayar dabbobi nesa da wurin wasa, ta ƙasan gangare in rafi ne. A gina masai aƙalla mita 30 daga ruwa, ba ta saman gangare ba, da buta da sabulu; masai mara ruwa da mai kula sati biyu yake yi a koma duhuwa. A kwashe shara da kashin dabba da cebur kowace safiya, a binne nesa. Busasshen yashi a riƙa kartarsa da manjagara a bar shi a buɗe rana ta ratsa, kada a danne shi a daidaita, domin dannewa tana riƙe danshi. Kada a zuba bilic ko fiya-fiya a gaɓa: dattin yashin yana cinye ƙarfin bilic kafin ya yi aiki, ragowar ta gangara ta kashe kifi, ƙwan macijin ciki kuma ko a jikinsa. Kawo sabon yashi ma ɓarnar kuɗi ce in tushen yana nan. An gwada haka a wata gaɓar tafkin Mishigan a Shikago, cikin sati biyu E. coli ta dawo.

Ga iyaye: takalmi a ƙafa, ko silifas ne, tabarma a zauna, musamman jarirai, wanke hannu da sabulu da ruwan da aka zo da shi daga gida kafin a ci komai, yanke farce, mai rauni a ƙafa kada ya shiga jiƙaƙƙen yashi, wanka da sabulu in an dawo. In gudawa ta kama yaro, a fara ruwan gishiri da sukari nan da nan, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa in babu na leda, tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Jini a bayan gida, zazzaɓi, idanu sun faɗa, ko yaro ya ƙi sha, asibiti ne ba jira. Jan layin nan mai tafiya kada a tsaga shi da reza ko a ƙona, tsutsar tana gaba da inda layin ya ƙare. Ma'aikacin lafiya zai ba da albendazol ko aibamektin, tsutsar ta mutu cikin kwanaki.

Sauran yashin tifa. Daga gindin rafukan nan ake ɗebo shi, a juye a ƙofar gida a Katsina ko Daura, ya yi watanni kafin a kira magini, yaran unguwa su mai da shi filin wasa da rana, kyanwa da kare su mai da shi masai da dare. A rufe tulin da tamfol ko tsohon kwano a danne da bulo. Wanda za a ware wa yara, a gida ko a makarantar rainon yara, a tankaɗe shi, a baza a kan siminti kaurin yatsu uku, a lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna, a bar shi a ranar bazara sati guda zuwa biyu ana juyawa duk kwana biyu. Bushewa tana kashe 'ya'yan tsutsa da wuri, ƙwan macijin ciki ne ke buƙatar zafin da ya haura digiri 50 na kwanaki, don haka a soka ma'aunin zafi a ƙarƙashin ledar da azahar a tabbatar ya kai. In an tarar da kashin kyanwa a ciki daga baya, a kwashe shi da cebur tare da yashin da ke kewaye da shi kamar faɗin tafi biyu, a binne, a sake shanya sauran.